Littafin takarda ko na waya? Tambayoyin da masu karatu suka fi yi, da amsoshinsu

Wannan gardama dai ba ta ƙarewa tsakanin ma'abota karatu, wani ya ce shi in bai riƙe littafi a hannu ba bai yi karatu ba, wani ya ce zamanin takarda ya wuce kowa ya haƙura. Na tattaro tambayoyin da suka fi yawo a kan maganar na amsa su gwargwadon abin da aka tabbatar. Tun farko bari in faɗi inda na tsaya don kar a ce na ɓoye: littafin da kake so ya zauna maka a kai, kuma kake so ya zama naka har 'ya'yanka su gada, nemi na takarda. Wanda kake so ka samu yanzu yanzu, ko wanda in ba a sikirin ba ba zaka taɓa ganinsa ba, karanta abinka a waya hankali kwance.

Wai shi littafin lantarki ba PDF ba ne kawai?

A'a, kuma wannan ruɗanin shi yake sa mutane da yawa su tsani karatun waya tun ba su fara ba. PDF kamfanin Adobe ne ya fito da shi a 1993, aikinsa ya riƙe shafi yadda aka tsara shi ba ya motsi, shi ya sa in ka buɗe shi a ƙaramar waya sai ka ga rubutun ya zama ƙanana kamar ba za a karanta ba, kana ja hagu kana ja dama kana buɗawa da yatsu biyu, kafin ka gama shafi biyar ka gaji. Shi kuwa EPUB, wanda aka fitar a 2007, rubutunsa yana bin girman sikirin ɗinka, ka ƙara girman harafi ya sake jeruwa da kansa, ka sauya launin bango, ka buɗa tsakanin layuka. Amazon kuma suna da nasu tsarin na Kindle. Duk wanda PDF kaɗai ya taɓa karantawa a waya gaskiya bai ɗanɗana ainihin abin ba tukuna.

Sannan abin da ake karatun a kai ma iri biyu ne kuma tazararsu babba ce. Akwai waya da tablet da kwamfuta masu sikirin mai haske, akwai kuma na'urar da aka yi don karatu zalla irin Kindle da Kobo, masu amfani da fasahar E Ink. Ita wannan ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare a cikin sikirin ɗin, lantarki ya tura wasu sama wasu ƙasa sai harafi ya fito, kuma da zarar ya fito yana nan ba ya cin wuta sai za ka juya shafi, shi ya sa cajinsu yake kai makonni. Sony ce ta fara sayar da irinta a Japan a 2004, Kindle ta zo a ƙarshen 2007. Amma tunanin ya girme su nesa, tun 1971 wani ɗalibi mai suna Michael Hart a Jami'ar Illinois ya buga takardar ayyana 'yancin kan Amurka a kwamfuta don kowa ya samu, daga nan aka haifi Project Gutenberg, wanda yau yake da littattafai sama da 70,000 kyauta.

Da gaske ne an fi gane karatu a takarda, ko son zuciyar tsofaffi ne?

Da gaske ne, amma ba yadda ake zuzuta shi ba. A 2018 wasu masu bincike, Pablo Delgado da Ladislao Salmerón na Jami'ar Valencia a Sifen da abokan aikinsu, sun tara bincike 54 da aka yi a kan mutum sama da 170,000 suka duba su a dunƙule. Abin da ya fito shi ne masu karatu a takarda sun fi fahimta, ratar ba mai yawa ba ce amma tana nan tana maimaituwa. Inda abin ya fi jan hankalina shi ne wuraren da ratar take fitowa: a rubutun ilimi da bayani, da kuma lokacin da aka ƙayyade wa mutum lokaci kamar a jarrabawa. A labarin hira da ƙagaggun labarai kuwa ba su ga bambancin a zo a gani ba. Kuma zato zai ba ka cewa matasan da suka tashi da waya a hannu za su rufe ratar, toh ba haka suka gani ba, a binciken shekarun baya bayan nan ratar ƙaruwa ma ta yi.

Akwai kuma wani ƙaramin gwaji da Anne Mangen ta Jami'ar Stavanger a Norway ta yi da abokan aikinta, mutum 50 aka ba labari ɗaya, rabi a takarda rabi a Kindle. A yawancin tambayoyi sun zo daidai, sun gane 'yan wasan labarin sun ji daɗinsa, amma da aka ce su jera abubuwan da suka faru bi da bi, me ya riga me, sai masu takarda suka fi su. Mutum 50 ba yawa ba ne, kar a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, sai dai ya yi daidai da abin da duk mai karatu yake ji a jikinsa.

Kenan in kana karanta labarin soyayya ko na bincike don nishaɗi, babu asarar da kake yi a sikirin. In kuwa littafin fiƙihu ne ko na likitanci ko lissafi da za a tambaye ka a kansa, ni dai shawarata takarda, ko da bugo babin da kake buƙata ne kawai.

To me yake jawo haka, tunda kalmomin ai iri ɗaya ne?

Kalmomin ɗaya ne, yadda mutum yake zuwa musu ne ya bambanta. Littafin takarda yana ba ka wuri. Kana tuna cewa maganar nan tana can ƙasan shafin hagu, wajen kashi ɗaya bisa uku na littafin, hannunka na hagu yana jin kaurin abin da ka wuce na dama yana jin abin da ya rage, duk wannan ƙwaƙwalwa tana rataya abin da ta karanta a jikinsa ba tare da ka sani ba. A sikirin shafi ɗaya ne yake ta sauya fuska, in ma gungurawa kake yi ƙasa to babu shafin gaba ɗaya.

Na biyu, kuma inaga shi ya fi nauyi, sabo ne. Sikirin ɗin nan a kansa muka koyi wuce abu da sauri, mu leƙa kan labari mu tsallake, mu duba saƙo mu fita, toh ranar da ka buɗe littafi mai nauyi a kansa idon ba ya sanin an canza aiki, haka zai ci gaba da tsalle. Abin da ya fi haɗari kuma, gwaje-gwajen da wata mai bincike, Rakefet Ackerman, ta yi sun nuna mai karatu a sikirin yakan ɗauka ya gane fiye da yadda ya gane, sai ya rufe da wuri yana ganin ya gama. Wannan ne ya sa nake cewa laifin ba duka na na'ura ba ne, kuma abu ne da ake iya gyarawa in mutum ya san da shi.

Karatu a waya yana kashe ido?

Yana gajiyar da shi, wannan kam babu musu: bushewa, raɗaɗi, gani dishi dishi, ciwon kai. Babban dalili shi ne in mutum ya ƙura wa sikirin ido ƙiftawarsa tana raguwa sosai, ga kuma riƙe waya dab da fuska na tsawon lokaci. Likitocin ido suna ba da shawara mai sauƙin riƙewa, duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Ka ƙara girman rubutu, ka daidaita hasken da na ɗakin, kar ka zauna a duhu sikirin yana dalle maka fuska. Na'urar E Ink ta fi sauƙi a ido don ita haske take mayarwa kamar takarda, a rana ma ta fi fitowa. Amma fa takarda ma in rubutun ƙanana ne kuma hasken ɗakin bai isa ba za ta gajiyar da kai. In gajiyar ta ƙi tafiya a je a auna ido, wataƙila tabarau ake buƙata.

Barci fa? Ni sai na kwanta nake samun lokacin karatu.

A nan takarda ta yi gaba. Wani gwaji da aka yi a asibitin Brigham and Women's da ke Boston, aka wallafa a farkon 2015, ya sa mutum 12 karatu na kusan awa huɗu kafin barci, wasu darare a iPad wasu a takarda. Daren iPad sun fi daɗewa kafin barci ya ɗauke su da kamar minti goma, sinadarin melatonin da yake sanar da jiki dare ya yi ya ragu, da safe kuma sun tashi da kasala. Gaskiya ne awa huɗu da hasken sikirin a ƙure ba haka yawancinmu muke yi ba, amma darasin a fili yake. Kuma ban da haske akwai abin da ya fi shi, wayar da kake karatu a kanta ita ce dai mai WhatsApp da TikTok, saƙo ɗaya ya shigo shikenan littafi ya tafi barci ma ya tafi.

Na sayi littafi a manhaja da kuɗina. Ba nawa ba ne?

Wannan ita ce tambayar da na fi so mutane su tsaya a kanta, don an fi yin sakaci da ita kuma ta fi batun ido da ƙamshin takarda muhimmanci. A mafi yawan manyan shagunan intanet abin da ka biya izinin karantawa ne, littafin bai zama mallakinka ba, yana nan rubuce a cikin dogayen sharuɗɗan nan da kowa yake danna na yarda bai karanta ba. Kamar gidan haya ne, kana ciki kana jin daɗi amma mukullin asali yana hannun wani. Ana sa wa fayil ɗin wani makulli da ake kira DRM wanda yake ɗaure shi da asusunka da manhajar kamfanin, ba zaka iya kai shi wata na'ura yadda ka ga dama ba.

Kuma ba tsoratarwa ba ce, ya faru. A watan Yuli na 2009 Amazon ta shiga na'urorin Kindle na mutane ta goge kwafin wasu littattafan George Orwell, ciki har da 1984, saboda wanda ya ɗora su ba shi da haƙƙin sayarwa. An mayar wa mutane kuɗinsu, shugaban Amazon na lokacin, Jeff Bezos, ya fito ya ba da haƙuri, amma kowa ya ga abin da zai iya yiwuwa. A 2019 Microsoft ta rufe shagonta na littattafai, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, aka biya su kuɗinsu, sai dai wanda ya yi shekaru yana ja layi yana rubuta bayani a gefe kuɗi ba za su dawo masa da wannan ba. A Fabrairun 2025 kuma Amazon ta cire damar sauke littafin Kindle zuwa kwamfuta don a tura ta kebul. Har ta kai jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 cewa mai sayar da kayan dijital ba zai rubuta "saya" ba sai ya bayyana wa mutum cewa izini ne yake karɓa.

Littafin takarda ba shi da wannan matsala ko kaɗan. Kamfanin da ya buga shi ya rushe, shagon ya rufe, marubucin ya canza ra'ayi, gwamnati ta hana sake bugawa, naka yana nan a kan kanta yadda ka ajiye shi, babu mai shigowa cikin dare ya sauya masa jimla. Kuma ba ya kai rahoto, alhali manhajojin karatu da yawa suna sanin me ka karanta, a wane shafi ka tsaya, me ka ja wa layi.

Ba duka littattafan lantarki ne haka ba fa. Akwai mawallafa da suke sayarwa babu makulli, na Project Gutenberg ma duk haka suke, irin waɗannan in ka sauke ka adana to sun zama naka na gaske. Kafin ka biya ka duba ko akwai DRM.

Zan iya ba wani aro, ko in sayar in na gama?

Na takarda eh, ka ba da aro, ka yi kyauta, ka sayar, ka bar wa magada. A Amurka kotun ƙoli ta tabbatar da wannan tun 1908, cewa mawallafi ba shi da iko da kwafi bayan sayarwar farko. Na lantarki kuwa kotun Tarayyar Turai ta yanke a Disambar 2019, a shari'ar wani kamfanin Holan mai suna Tom Kabinet, cewa ba a sayar da shi a matsayin na hannu sai da izinin mai haƙƙi. Hujjarsu dai fayil ba ya tsufa, kwafin da ya zaga hannu dubu daidai yake da sabo. Hujjar tana da ma'ana, amma mai karatu ne ya yi asara, don littafi ɗaya na takarda yakan ratsa gida biyar, kuma da yawanmu ta aro muka fara son karatu.

Laburare ma abin ya shafe su. Littafin takarda suna saya sau ɗaya ya yi ta zagayawa har ya yage, na lantarki kuwa izini suke karɓa mai ƙarewa, tun 2011 kamfanin HarperCollins ya sa ƙa'idar aro 26 sannan a sake biya.

Wanne ya fi sauƙi a aljihu?

Ya danganta da irin abin da kake karantawa. Tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, wanda a ƙasashe da yawa shekara 70 ne bayan rasuwar marubuci, wasu kuma 50, kyauta suke a intanet ta halastacciyar hanya. Sababbi na manyan mawallafa kuwa sau da yawa ratar ba ta kai yadda ake zato ba, saboda takarda da tawada ƙaramin kaso ne na kuɗin yin littafi, yawancin kuɗin yana wajen marubuci da edita da mai tsara shafi da talla da kason mai shago. Ka haɗa da kuɗin na'ura da data da caji, ka tuna kuma na takarda ana samunsa na hannu kuma ana iya sake sayar da shi. Inda na lantarki yake cin riba sosai shi ne littafin da sai an yo odarsa daga wata ƙasa, nan kuɗin aikowa kaɗai yakan fi na littafin.

Ai fayil ba ya ruɓewa, kenan ya fi takarda daɗewa ko?

Haka ake zato. A 1086 aka rubuta kundin ƙidayar filaye na Ingila da ake kira Domesday, a kan fata, yau sama da shekara 900 yana nan ana karanta shi. A 1986 BBC ta yi wani sabon Domesday na zamani don cikar shekara 900, da hotuna da taswira da rubutun 'yan makaranta, aka zuba a faifan leza, kafin shekara 20 na'urorin da za su buɗe shi sun kusa ƙarewa sai da masana suka yi aikin ceto. Akwai kuma wani littafin addinin Buddha da aka buga a Sin a shekarar 868, yana ajiye a Laburaren Birtaniya, ido kawai ake buƙata a gan shi. Fayil yana buƙatar na'ura da manhaja da wuta da wanda zai riƙa kwafe shi daga tsohon ma'aji zuwa sabo, ranar da aka daina kula da shi ya tafi.

Sai dai kar a ɗauka takarda ba ta mutuwa. Gobara, ambaliya, gara, danshi, duk suna cinye ta, kuma takardar da aka riƙa yi da niƙaƙƙen itace tun tsakiyar ƙarni na 19 tana da sinadarin asid da yake sa ta ja ta riƙa karyewa da kanta. Kwafi ɗaya tilo na rubutun hannu in wuta ta ci shi shikenan, amma in an ɗauki hotonsa an ajiye a wurare goma ya tsira. Don haka masu adana tarihi biyun suke haɗawa.

Duk ka fi yabon takarda. Babu inda na lantarki ya fi ta ne?

Akwai, kuma ba ƙananan wurare ba ne. Fara da wanda ba ya gani ko ganinsa ya yi rauni. Littafin takarda a rufe yake gare shi sai an mayar da shi rubutun makafi ko wani ya karanta masa, kuma ƙungiyar makafi ta duniya ta daɗe tana cewa ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na abin da ake bugawa ne yake isa gare su, wannan ne ya kai ga yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ƙasashe suka ƙulla don sauƙaƙa wa makafi samun littattafai. Fayil ɗin EPUB kuwa waya za ta karanta masa da murya, dattijon da ya ajiye karatu saboda ƙananan haruffa zai ƙara girmansu ya dawo, mai lalurar da take sa haruffa su riƙa cakuɗe masa zai gajarta layuka ya samu sauƙi, wanda hannunsa ba ya iya riƙe littafi mai nauyi zai taɓa sikirin da yatsa ɗaya. Duk mai raina karatun sikirin ya tuna da waɗannan mutanen tukuna.

Sai wanda yake inda babu laburare babu shagon littafi. A 2014 UNESCO ta fitar da rahoto bayan tambayar mutum sama da 4,000 masu karatu a waya a ƙasashe bakwai, Habasha, Ghana, Indiya, Kenya, Najeriya, Pakistan da Zimbabwe. Da yawa sun ce karatunsu ya ƙaru tunda suka fara a waya, mata sun fi maza daɗewa suna karantawa, kuma kusan ɗaya cikin uku suna karanta wa yara daga wayar. Ga irin wannan mai karatu zaɓin ai tsakanin waya ne da rashin littafi gaba ɗaya, maganar wanne ya fi ma ba ta taso ba.

Ga kuma bincike, ka rubuta kalma ɗaya ta fito maka duk inda ta zo a mujalladi talatin cikin daƙiƙa, abin da a da yake cin malami kwanaki. Ga ƙamus a ciki ka danna kalma ka ga ma'ana, mai koyon sabon harshe ya san darajar wannan. Ga ɗaruruwan littattafai a aljihu lokacin tafiya.

Yara ƙanana fa, in saya musu tablet ko littafi?

Littafi, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar. Wani bincike na Jami'ar Michigan da aka wallafa a 2019 ya kalli iyaye suna karatu da 'ya'yansu 'yan shekara biyu zuwa uku, aka ga in littafin takarda ne sun fi hira a kan labarin, in tablet ne hirar takan koma kar ka taɓa nan, bari in danna. Ita kuwa hirar nan, wane ne wannan, me kake gani zai faru, ita ce take gina harshen yaro. Sweden da ta yi nisa wajen sa na'urori a aji ta juyo a 2023, ministar makarantu ta lokacin, Lotta Edholm, ta ce a koma ga littattafan bugawa, gwamnati ta ware kuɗin sayensu. In waya ce kaɗai a gidan toh a karanta musu a wayar, a zaɓi labari marar ƙararrawa da wasanni, babba ya riƙe ya karanta da bakinsa.

Wanne ya fi alheri ga muhalli?

Takarda tana cin itace da ruwa da man dakon kaya. Na'ura tana cin ma'adinai da wuta wajen ƙerawa, ƙarshenta kuma shara, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, ƙasa da kashi ɗaya bisa huɗu aka sake sarrafawa yadda ya dace. Mai karatu da yawa da zai riƙe na'ura ɗaya shekaru ya rage ɓarna, wanda zai saya ya karanta uku ya jefa a durowa ya ƙara ta. Aro da sayen na hannu sun fi duka.

Littafin takarda zai ɓace nan gaba?

Bayan fitowar Kindle an yi ta hasashen haka, bai faru ba. Binciken cibiyar Pew na 2021 a Amurka, inda kasuwar littafin lantarki ta fi ko'ina ƙarfi, ya nuna kashi 65 cikin ɗari na manya sun karanta littafin takarda a shekarar, kashi 30 sun karanta na lantarki, kuma da yawa biyun suke haɗawa. Wasu nau'o'in dai sun koma sikirin kusan gaba ɗaya, irin ƙamus da kundin sani, Encyclopaedia Britannica ta sanar da daina bugawa a takarda tun 2012.

An turo min PDF na sabon littafi a guruf, laifi ne in karanta?

In marubucin ko mawallafin bai ba da izini ba, haƙƙinsa ne ake ci, kuma sauƙin turawa bai mayar da shi halal ba. Na san uzurin, wani littafin ba a samunsa, wani ya fi ƙarfin ɗalibi, kuma uzuri ne na gaske. Amma mutumin da ya yi shekara biyu yana rubutu, ranar da ya fitar kafin dare an raba shi kyauta ga dubban mutane, da wane ƙarfin gwiwa zai rubuta na biyu? Abin ya fi yi wa ƙananan marubuta illa, waɗanda suke buga abinsu da kansu, alhali su ne littafin lantarki ya buɗe wa ƙofa tun farko, mutum ya rubuta ya ɗora ya samu masu karatu ba sai wani kamfani ya yarda da shi ba. In kana da halin biya ka biya, in ba ka da shi nemi na aro ko na kyauta na halal, in kuma ka riga ka karanta ya amfane ka toh ka saya daga baya, kuma dai kar ka zama mai turawa gaba.

Ni waya kaɗai gare ni. Yaya zan yi in ci moriyar karatu a kanta?

Ana iyawa sosai. Kafin ka buɗe littafi kashe data ko ka sa wayar a yanayin jirgi, wannan kaɗai ya magance rabin matsalar. Nemi EPUB a maimakon PDF duk inda ya samu, ka sa manhajar a kan juya shafi maimakon gungurawa don ƙwaƙwalwa ta samu inda za ta riƙe. Ƙara girman rubutu har sai ka daina matso da wayar kusa da fuska, in kuma rubutun yana da haruffa irin ƙ da ɗ da ɓ ko na Larabci suna fitowa a karye, canza salon harafin a cikin manhajar, yawanci nan matsalar take.

In karatun ilimi ne ka ajiye littafin rubutu da biro a gefe, duk ƙarshen babi ka kife wayar ka rubuta abin da ka gane da kalmominka ba tare da leƙawa ba, a nan zaka kama kanka in gudu kawai ka yi a kan shafin, sai ka koma. Rage sauri da gangan, inda ya yi tsauri maimaita shi. Babin da ka san zaka yi ta komawa kansa bugo shi a takarda ka yi masa rubutu a gefe.

Fayilolin da ba su da makulli kuma kar ka bar su a waya kaɗai, waya tana faɗawa ruwa ana kuma sace ta. Ajiye kwafi a memori ko kwamfuta da wani a ma'ajiyar intanet, akwai manhaja kyauta mai suna Calibre da take tsara su a kwamfuta tana kuma juya su daga wani tsari zuwa wani. Ka riƙa sa musu suna mai ma'ana, sunan marubuci da na littafi, don bayan shekara biyu ka iya gano abin da kake nema.